Mai Ɗacin Jini da Gizakar Mangwaro

A unguwarmu ta Kedungrejo mutane kashi biyu ne, masu zaƙin jini da masu ɗacinsa. Mai zaƙin jini shi ne wanda in sauro ɗaya ya shigo masallaci zai tsallake sahu uku ya je ya same shi, wurin cizon ya tashi, ya yi ruwa, ya bar tabo har bayan girbi. Mai ɗacin jini kuwa ko cinnaka ya cije shi, cinnakan ne da asara. Babu likitan da ya taɓa tabbatar mana da wannan rabo, amma mu ba mu saba jiran likita kafin mu yarda da abu ba.

Pak Kasdiran, wato Malam Kasdiran a bakinmu, shi ne sarkin masu ɗacin jini, kuma shi ya naɗa kansa. Shekara ashirin da takwas ya yi yana ɗaga sandar mahaɗar jirgin ƙasa yana saukewa, ya yi ritaya da hula ɗaya da baki mai yawa. Kowace safiya sai ya fito baranda ya kurɓi tafasasshiyar saiwa mai ɗaci a gaban masu wucewa, ya yi gyatsa, ya ba da labarin rinar da ta harbe shi a wuya ta faɗi matacciya. Mun ji labarin rinar nan ya fi sau ɗari, kuma kullum ƙara girma take yi. Abin da ba mu taɓa tambaya ba shi ne me ya sa mutum mai irin wannan jini yake yawo da riga mai dogon hannu da safa a tsakiyar rani. Mun ɗauka gayun tsofaffin ma'aikata ne.

Da aka sa ranar auren autarsa Wening, Asabar ta biyu a watan Babbar Salla, yarinyar ta same shi a baranda ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Bapak," ta ce, wato Baba, "abu ɗaya nake roƙo. Kai za ka ɗaura min aure da bakinka. Ban da wakilci."

Tana da dalilinta. Ranar auren yayarta, Pak Kasdiran ya tsaya nuna wa samari yadda ake ɗaga buhun shinkafa da hannu ɗaya, bayansa ya riƙe, aka kwantar da shi a ɗaki, jami'in ɗaurin aure ya tsaya a madadinsa. A wurinmu uba ne ke riƙe hannun ango, ya faɗi sunan 'yarsa da sadakinta a fili, ango ya amsa da numfashi ɗaya, shaidu su ce ya ɗauru. Yayar ta sha kuka a bayan labule ranar, kuma Wening ce ta riƙe mata hankici.

"Nduk," in ji shi, yadda muke kiran 'ya mace, "ko jirgi zai bi ta kaina, ni zan faɗa."

"Ba jirgi nake tsoro ba, Bapak. Kai nake tsoro."

Ya yi dariya, don a lokacin kansa ya riga ya tafi wani wuri. Al'ada ce duk wanda ya zo biki a ba shi ɗan abin tunawa a bakin ƙofa, mafici ko cokali ko abin yanke farce. Pak Kasdiran ya ce shi ba zai raba wa mutum ɗari uku cokali ba kamar wanda ba shi da basira. Zai raba musu magani. Ya sayo ƙananan kwalabe ɗari uku, ya sa aka buga takarda mai hotonsa da hular aiki, ƙarƙashi an rubuta: Man Ɗacin Jini na Kasdiran, Maganin Kowane Cizo da Ƙaiƙayi. A lissafinsa, baƙi za su koma garuruwansu da shi, kafin shekara ta zagayo sunansa ya kai har tsibiran gabas.

Matarsa Bu Sumilah ta leƙa tukunyar da yake damawa a bayan gida, hayaƙin ya mayar da ita baya tana tari.

"Pak, me ka zuba a ciki?"

"Man kwakwa, saiwa, citta, barkono, farar ƙasa. Sai ɗan kananzir don ƙarfi."

"Wannan ai ko akuya aka shafa wa sai dai a ci ta da shinkafa."

"Bu, zafi shi ke korar zafi. Ilimi ne, ba girki ba."

"A jikin wa ka gwada?"

"Mai ɗacin jini ina zai sami ƙaiƙayin da zai gwada?"

Ta dube shi, ta dubi dogon hannun rigarsa, sai ta koma wajen albasarta.

Ranar Laraba gizaka ta sauka a bishiyar mangwaron da ke tsakar gidan, wadda a ƙarƙashinta za a kafa rumfar biki. Tsutsar nan ce mai gashi, baƙa da ɗigon ja, kuma ba ɗaya ba, ba ɗari ba. Da safe sukan taru a jikin kututture su lulluɓe shi har ba a ganin ɓawon. Kowa a unguwar ya zo ya gani, kowa ya tsaya daga nesa ya ba da shawara.

Mbah Rukinem, tsohuwar da ke sayar da jiƙe-jiƙe a tsallaken hanya, ta zo da sandarta. Ta haura tamanin, kuma ita ta yi wa Pak Kasdiran wankan jariri, shi ya sa har gobe take kiransa Le, wato yaro, ko a gaban wa.

"Le, da sassafe, suna dunƙule, ka kwara musu ruwan sabulu, ka share su cikin bokiti, ka binne. Kada ka kai musu wuta. Tsutsar ce ke ƙonewa, gashin tashi yake yi."

"Mbah, wannan aikin masu tsoro ne."

"Masu tsoron ne suka tsufa, ga ni nan."

Kang Sarpin wanzami, abokin tsokanarsa tun suna yara, kuma ɗaya daga shaidun auren, yana jingine da katanga yana shan sigari. Shi irin mutanen nan ne da in sun ga mutum a bakin rijiya sai su tambaye shi ko ya iya tsalle.

"Mbah, ki bar shi mana. Mutumin da ya kashe rina da wuya, tsutsa ce za ta gagare shi? Ni dai da ni ke da magani kwalba ɗari uku, da na nuna wa mutane aikinsa kafin in raba."

Maganar nan ta shiga kan Pak Kasdiran ta yi zaune. Ya bar Laraba ta wuce, ya bar Alhamis ta wuce, yana jiran ranar da gidan zai cika.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci gidan ya cika maƙil. Matan unguwa sun fi talatin suna aikin gayya, wasu na kankare kwakwa, wasu na naɗe shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba. An jera kujerun haya ɗari biyu, an shimfiɗa dardumai su sha iska, an ɗaura yadin rumfa. Kayan amarya na karan-miski suna rataye a baranda. A nan ne Pak Kasdiran ya fito tsakar gida ya tuɓe riga.

Tun da muke ba mu taɓa ganin damatsansa ba. Fari ne fat, kamar rogon da aka fere. Ludayi ya faɗi daga hannun Bu Sumilah.

"Pak, sa rigarka."

"Bu, yau ranar ilimi ce."

Ya lakato mansa ya mulke ƙirji da wuya da fuska har leɓe, ya ɗaure busasshen ganyen kwakwa a kan doguwar gora, ya tsoma a kananzir, ya ƙyasta ashana. Ya ce wa mata su buɗe ido su ga yadda ake yi. Ya kai wutar jikin reshe.

Ba kowace gizaka ce ta tsaya jiran wuta ba. Da suka ji zafi, sai suka saki reshe suka yi ta zubowa, kuma babu kowa a ƙarƙashin sai shi. Sun sauka a kafaɗarsa, a tsakiyar kansa, a bayan wuyansa, wasu suka gangara cikin zanen da ya ɗaura a ƙugu. Man da ya shafa ya riƙe su da kyau. A daidai nan iskar la'asar ta taso daga gonakin shinkafa, ta kwashi hayaƙin da tokar da gashin da ido ba ya gani, ta bi da su ta kan kujeru, ta kan dardumai, ta cikin yadin rumfa, ta ƙarasa baranda. Mu kuma muka tsaya muna tafi, don a gaskiya bishiyar ta yi fes.

"Kun gani?" in ji shi, yana kakkaɓe kafaɗa da tafin hannu, yana murje su a fatarsa. "Ko gezau."

Minti biyar bai cika ba ya fara wata irin tafiya, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ce zai je ya duba rijiya. Kang Sarpin ya ba shi ɗan lokaci sannan ya bi shi, ya tarar da shi ya jingina baya da kututturen kwakwa yana hawa yana sauka, idonsa a rufe.

"Kasdiran, me bishiyar ta yi maka?"

"Motsa jiki nake yi."

"Da kyau. Wannan taswirar da ta fito a bayanka fa, ta wace ƙasa ce?"

"Maganin ne ke aiki. Yana fito da dafin waje."

"To ƙara mana, kada dafin ya koma."

Ya ƙara kuwa. Ya mulke barkono da farar ƙasa a kan fatar da ya riga ya yage da susa, sai ido ya raina fata. Ya ruga ɗaki ya turo ƙofa, Bu Sumilah ta bi shi. Borin jini ya tashi masa tun daga goshi har tafin ƙafa, faci-faci, ja wur.

"Bu, ina hodar nan?"

"Wace hoda? Ta Mbah da nake shafa maka a ɓoye shekara talatin, duk ranar da sauro ya yi maka kallon banza? Ta ƙare tun watan jiya. Tashi mu tsallaka hanya."

"A gaban mata talatin? Da kwalba ɗari uku a cikin kwali?"

"Gobe da safe za ka riƙe hannun yaron nan, Pak. Ka tuna abin da ka ce wa yarinyar."

"Kafin gobe ya sauka. Jikina ne, na san shi."

Gari ya waye, kuma babu abin da ya sauka. Idanunsa sun koma 'yan tsaga biyu, kunnuwansa sun yi kauri, leɓɓansa kuwa kamar an ɗora soyayyar ayaba biyu ɗaya kan ɗaya. Ya sa baƙar hula da baƙin tabarau da rigar biki mai dogon wuya, ya tsaya gaban madubi ya gwada sunan 'yarsa. Abin da ya fito bai yi kama da sunan kowa ba. Tsoro ya kama shi sosai, amma maimakon ya tsallaka hanya sai ya ce wa kansa bakin bai gama farkawa ba ne.

Ƙarfe takwas dangin ango suka iso daga garin Madiun a mota biyu, da ango Gunadi a gaba, yaro mai kunya da ke gyaran na'urar sanyaya ɗaki. 'Yan mata biyu a bakin ƙofa suna miƙa wa kowa kwalba ɗaya da murmushi. Baƙi suka zauna a kujeru, dattawa suka zauna a dardumai, iska na kaɗa yadin rumfa a hankali, yana yi musu yayyafin abin da ya ajiye tun jiya.

To mu mutane ne masu kara. Ba a susa a gaban surukai. Mutum zai iya mutuwa a zaune, amma ba zai kai hannu hammata a gidan da ya zo neman aure ba. Sai ga mutum ɗari uku suna murmushi suna mutsu-mutsu. Wannan ya gyara zama, wancan ya goga wuya da kafaɗa kamar yana gaida na kusa da shi. Wata Hajiya ta yi ta gyara ɗankwali har sau goma. Masu kiɗa suka fara saurin da ba a san su da shi ba.

Uwar ango ce ta fara juya kwalbar da ke hannunta, ta karanta takardar, fuskarta ta washe.

"Kai, mutanen nan akwai tunani. Har sun san garinsu da ƙwari."

Ta lakata ta shafa a wuya. Ta miƙa wa ta kusa da ita. Kafin a ce haka, sahu-sahu ana ta buɗe kwalabe, rumfar ta gauraye da warin kananzir da citta. Pak Kasdiran yana kallo ta tsagar idonsa, kuma, Allah ya yafe masa, har ya ɗan ji daɗi.

Daɗin bai yi nisa ba. Murmushin jama'a ya fara ƙanƙancewa, hawaye na bin kumatu. Wanda ya fara karya kara shi ne kawun ango, tsohon soja mai gashin baki, wanda ya shafa man har bayan kunne. Ya miƙe a natse, ya ce a gafarce shi, ya taka zuwa babban bahon da aka zuba ƙanƙara da kwalaben lemo, ya tsoma kansa ciki har wuya. Da ya ɗago ya ja numfashi, sai ya ce, "Wane ne Kasdiran?"

Hotonsa kuwa na hannun kowa.

Ana cikin haka Pak Na'ib, jami'in ɗaurin aure, ya iso a babur da jakarsa. A watan Babbar Salla kowa ke aure, kuma aure huɗu ke jiransa kafin azahar. Ya zauna a gaban ɗan teburin, ya duba agogo, ya ce yana da minti goma sha biyar. Ya dubi mutumin da aka zaunar a gabansa.

"Ina waliyyin?"

"Shi ne wannan," in ji Kang Sarpin. "A cikin kumburin yake, in ka duba da kyau."

Aka kawo lasifika. Wening na bayan labule da ƙawayenta, an yi mata kwalliyar da ta ci awa uku, furen yasmin har kafaɗa. Pak Kasdiran ya kama hannun Gunadi ya buɗe baki. Lasifika ta ɗauki wani gurnani ta kai shi har bakin titi.

Pak Na'ib ya dubi shaidu. "Kun ji?"

"Na ji ya aurar da wata," in ji Kang Sarpin, "amma ban san ta ba a unguwar nan."

Aka sake. Wannan karon sunan ya ɗan fito, sai dai man da ke tafin Pak Kasdiran ya riga ya kama hannun ango, angon kuma ya share gumin ido da hannun kafin a fara. Gunadi ya ɗauko amsarsa da numfashi ɗaya yadda ya yi wata guda yana haddacewa, ya kai tsakiya, ya tsaya ya ce, "Wayyo idona." Shaidu suka girgiza kai.

A karo na uku Pak Kasdiran ya kai har kan sadaki. Nan wani abu ya motsa a tsakiyar bayansa, daidai inda hannu ba ya kaiwa. Ya daure, ya cije, gumi ya keto masa. Sai kawai ya saki hannun ango ya fizgi lasifikar ya zura ta bayan rigarsa. Duk unguwar ta ji ƙarar susar.

Wannan ce ta ɓalle wa jama'a. Mutum ɗari uku suka saki kara a lokaci ɗaya, kowa ya kai hannu inda ya daɗe yana marmari, har Hajiyar ɗankwali.

Pak Na'ib ya rufe littafinsa, ya yi magana a hankali, irin ta wanda ya ga abubuwa da yawa a bakin aiki.

"Pak, ba abin kunya ba ne. Ka wakilta ni. Ko kai ka gyaɗa ya isa, in ɗaura, ka je ka kwanta."

Pak Kasdiran ya juya wajen labule. Babu motsi, babu kuka, babu ko tari. Ƙafafunta kawai yake gani ta ƙasan labulen, a haɗe wuri ɗaya cikin takalmin amarya. Da ta yi kuka da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, don ya gane yarinyar ba mamaki take yi ba, abin da ta zata ne ya faru. Ya zaro lasifikar daga bayan rigarsa ya kai bakinsa.

"Jinina zaƙi gare shi," in ji shi.

Abin mamaki, wannan kowa ya ji ta sarai.

"Tun ina yaro. Rinar nan ma, kwana huɗu na yi a asibiti." Ya juya ga Pak Na'ib ya haɗa hannuwa. "Ka je ka ɗaura na gaba ka dawo. Don Allah. Na yi mata alkawari."

Pak Na'ib ya duba agogo, ya dubi labule, ya sosa wuyansa shi ma. Ya ce ƙarfe sha ɗaya zai biyo ta nan a hanyarsa ta zuwa na ƙarshe, zai tsaya minti biyar, in bakin bai buɗe ba shi zai ɗaura.

Mbah Rukinem tana zaune daga gefe, ita kaɗai ba ta susa, don ta zo da kujerarta daga gida ta kuma ajiye ta can gefen rumfa. Pak Kasdiran ya je ya durƙusa a gabanta da hularsa da tabaransa.

"Mbah, ki taimake ni."

"Me ka ce jininka yake da shi, Le? Kunnen ya tsufa."

"Zaƙi, Mbah."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Zaƙi."

"Ai na sani. Kana wata uku kuɗin cizo ya mayar da kai kamar kabewa. Tuɓe."

A tsakar gidan, a gaban surukansa, aka tuɓe shi daga shi sai zane. Mbah ta sa aka kwance shinkafa mai danƙo da aka naɗe don baƙi, ta dunƙula, ta riƙa mirgina ta a fatarsa a hankali tana ɗebe gashin, tana yar da dunƙulen tana ɗaukar sabo. Duk sanda ya kai hannu zai yi susa sai ta buge hannun da sanda. Aka kai shi rijiya aka wanke man da sabulu har sau uku, Kang Sarpin na jan guga yana cewa ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Aka dama garin shinkafa da kurkum da ruwan sanyi aka lafta masa daga goshi har ƙafa, aka fasa masa ɗanyar kwakwa ya sha, aka ɗaure ƙanƙara a ƙyalle aka ce ya riƙe a leɓe.

Wata 'yar'uwar ango, malamar asibiti ce, ta matso ta dubi bakin, ta tambaye shi ko numfashi na yi masa wuya. Ta ce kumburin leɓe ba a wasa da shi, a kai shi ƙaramin asibitin bakin kasuwa a yi masa allura yanzu. Muka zuba ido mu ga ko Mbah za ta ji haushi.

"Ku kai shi," in ji ta. "Fatar ce tawa. Daga leɓe zuwa ciki nata ne."

Haka aka ɗora shi a bayan babur ɗin Kang Sarpin, rawaya fat, da zane da ƙanƙara a baki, aka ratsa da shi ta tsakiyar kasuwar Asabar. Kafin su dawo, baƙi sun yi layi a gaban Mbah. Shinkafar biki kaf ta ƙare a wuyan mutane, ba a ci ko loma ba. Uwar ango da kanta ta tattara kwalaben a kwali, ta tambayi Bu Sumilah inda ake binne irin wannan.

Sha ɗaya da 'yan mintuna Pak Na'ib ya tsaya a ƙofar gida, ya ga rumfa cike da mutane masu rawayar fuska suna zaune shiru, ya juya babur zai wuce. Sai da aka rantse masa cewa gidan ne.

Leɓɓan sun sauka rabi. Pak Kasdiran ya zauna, garin shinkafa na zuba daga girarsa, ya ajiye ƙanƙarar, ya wanke hannu a gaban kowa ya kama na Gunadi. Bai yi jawabi ba, shi da ba a taɓa ba shi lasifika ya mayar da ita da wuri ba. Ya faɗi sunan yaron. Ya faɗi sunan 'yarsa, harafi bayan harafi, ya ce 'yarsa ce ta cikinsa, ya faɗi sadakin. Gunadi, da ido ɗaya a rufe, ya amsa da numfashi ɗaya.

Pak Na'ib ya dubi shaidu. Kang Sarpin ya buɗe baki, muka ga tsokanar ta zo masa har leɓe, sai ya haɗiye ta.

"Ya ɗauru," in ji shi.

Aka ɗaga labule. Wening ta fito a hankali cikin kayan karan-miskin nan da suka sha iskar baranda jiya, kanta a sunkuye, ba ta ko motsa kafaɗa. Ta taho da gwiwa yadda amarya ke zuwa neman albarkar iyaye, ta kifa fuskarta a gwiwar ubanta. Ya ɗora hannu a bayanta, hawaye na yanka hanya a cikin kurkum, ya rasa ta inda zai fara ba ta haƙuri.

"Nduk," ya ce, "ni dai..."

"Na ji ka, Bapak. Na ji sunana," ta ce da raɗa, ba ta ɗago ba. "Yanzu kada ka ɗauke hannunka. Tun ƙarfe shida bayana ke ci kamar wuta, mai kwalliya ta ce in na motsa furen zai zube. Ɗan yi ƙasa. Hagu kaɗan. Nan."

Jama'a suna kallo daga kujerunsu, suka ga uba ya sunkuya a kan 'yarsa, hannunsa na kai da kawowa a bayanta, kafaɗunsu duka biyu na rawa. Uwar ango ta share ido, ta ce ita tun da take zuwa biki ba ta taɓa ganin uban da ya daɗe yana sa albarka haka ba.